Shin lissafi zai iya kama ɓarayin shanu? Daga shirin Numb3rs zuwa dajin Falgore

Daga watan Janairun 2005 zuwa watan Maris na 2010, tashar CBS ta Amurka ta nuna wani shiri mai dogon zango mai suna Numb3rs, zango shida, kashi 118. Labarin wasu 'yan'uwa biyu ne a birnin Los Angeles. Babban, Don Eppes, jami'in hukumar FBI ne. Ƙanensa Charlie kuwa farfesan lissafi ne. Duk sanda bincike ya cije, sai Charlie ya ɗauki alli ya cika allo da lambobi, kafin a tashi daga shirin an kama mai laifi.

Ra'ayin masu kallo ya rabu tun daga farko. Wasu sun ce shirin ya yi wa lissafi gata, domin ya nuna wa yara cewa abin da suke gudu a aji yana da amfani a rayuwa. Har kamfanin Texas Instruments da ƙungiyar malaman lissafi ta Amurka suka riƙa fitar da darussa ga 'yan sakandare daga abin da aka nuna a kowane mako. Wasu kuma suka ce ai wannan tatsuniya ce kawai aka sa mata rigar ilimi. A 2006 wata farfesar lissafi da ta taɓa ba shirin shawara, Alice Silverberg, ta rubuta cewa sau da yawa sai an gama tsara labari sannan ake neman lissafin da za a manna masa.

To wa ke da gaskiya? Wannan tambaya ta wuce hirar fim ga mutumin Doguwa ko Tudun Wada da aka taɓa kore masa garke cikin dare, ko ɗan acaɓan Kiru da aka raba da babur ɗinsa. Idan da gaske lissafi yana nuna maɓoyar ɓarawo, me muke jira? Idan kuma yana kuskure, a kan wa kuskuren zai faɗa? Bari mu ɗauki kashi na farko na shirin mu warware shi, sannan mu gwada shi a kudancin Kano.

Abin da ke gaskiya a cikin shirin

A kashi na farko ana neman wani mutum da ke kai wa mata hari a wurare daban-daban. Jami'ai suna ta ƙoƙarin gano inda zai kai hari na gaba. Sai Charlie ya juya tambayar: a bar batun inda za shi, a nemi inda yake fitowa.

Ku ɗauki misalin mai shiƙar hatsi a masussuka. Babu mai iya faɗa muku inda ƙwayar ƙaiƙayi ta gaba za ta sauka. Amma ko bayan ta tashi ta tafi gida, wanda ya duba yadda ƙaiƙayin ya bazu a ƙasa zai iya nuna inda ta tsaya. Wuraren da aka yi laifi su ne ƙaiƙayin, gidan mai laifi ko wurin zamansa shi ne inda mai shiƙar ta tsaya.

Marubutan shirin ba su ƙirƙiro wannan ba. Aikin wani ɗan sandan birnin Vancouver ne a ƙasar Kanada, Kim Rossmo, wanda ya yi digirin digirgir a kai a Jami'ar Simon Fraser a 1995. Dabararsa ta tsaya a kan halaye biyu na ɗan Adam. Na farko, mutum ba ya son wahalar tafiya, kuma ya fi sakewa a inda ya san hanyar shiga da fita, saboda haka yawan laifinsa yana raguwa gwargwadon yadda ya yi nisa da gida. Na biyu, ba ya son yin ta'asa a ƙofar gidansa inda kowa ya san fuskarsa, saboda haka akwai ɗan zagaye kusa da gida da yake ƙyalewa.

Abin da kwamfuta ke yi shi ne ta yanka taswirar yankin zuwa ƙananan gidaje kamar gidajen dara. A kowane gida sai ta auna nisansa da kowane wurin da aka yi laifi, ta ba shi maki: kaɗan idan ya yi kusa sosai, mai yawa idan nisan matsakaici ne, kaɗan kuma idan ya yi nisa. Sai ta tara makin. Gidajen da suka fi maki su ake shafa wa ja a taswira, nan ake fara bincike. Rossmo da kansa ya ce ana buƙatar aƙalla laifuka biyar da aka tabbatar mutum ɗaya ne ya aikata su kafin taswirar ta yi ma'ana.

Gwada da takarda da biro

Akwai sigar da ta fi wannan sauƙi, wadda ɗan aji uku na sakandare zai iya yi. Ga misali, lambobin na koyarwa ne kawai. A ce an sace babura biyar a ƙauyuka biyar cikin wata uku, duka da salo ɗaya. Ka zaɓi wani wuri sananne, kamar wata mararraba, ka auna kowane ƙauye daga nan: kilomita nawa gabas, kilomita nawa arewa.

Na farko: 2 gabas, 3 arewa. Na biyu: 4 da 7. Na uku: 6 da 2. Na huɗu: 7 da 6. Na biyar: 6 da 7.

Tara na gabas: 2, 4, 6, 7 da 6 sun ba da 25. Raba da biyar, ka samu 5. Tara na arewa: 3, 7, 2, 6 da 7, su ma 25, ka sake samun 5. Ke nan tsakiyar waɗannan sace-sace tana kilomita 5 gabas, kilomita 5 arewa da mararrabar.

Kada a raina wannan ɗan lissafi. A Disambar 1980, lokacin da 'yan sandan Ingila suka shafe shekara biyar suna neman mutumin da ya kashe mata 13 a arewacin ƙasar, wani masani mai suna Stuart Kind ya yi irin wannan lissafin neman tsakiya, ya ce a duba wajen birnin Bradford. Mai kisan, Peter Sutcliffe, a Bradford ɗin yake zaune. Daga baya ma wasu masu bincike, Brent Snook da abokan aikinsa, sun gwada ɗalibai da manhajar kwamfuta, suka ga cewa idan aka koya wa mutum ƙa'idoji biyu masu sauƙi, hasashensa yana kusan kamo na manhajar.

Abin da shirin ya tsallake

Amma ku lura da yadda aka kama Sutcliffe. A ranar 2 ga Janairun 1981 'yan sandan sintiri a Sheffield suka tsayar da shi saboda lambar motarsa ta jabu ce. Lissafin ya yi daidai, amma ba shi ya sa masa ankwa ba.

Haka labarin da aka gina kashi na farko na Numb3rs a kansa. A garin Lafayette na jihar Louisiana, wani mutum ya shafe sama da shekara goma yana yi wa mata fyaɗe. A 1998 aka gayyato Rossmo, ya zana taswira, ya ware wata 'yar unguwa. Aka yi wa mazan da ake zargi a wurin gwajin DNA, duk suka fita. Sai daga baya wani ya tsegunta sunan wani jami'in tsaro, Randy Comeaux. Da aka bincika, ashe a shekarun da ake kai hare-haren a cikin wannan unguwar yake zaune, daga baya ya tashi. Guntun sigarin da ya yar ne aka gwada, ya yi daidai.

Kun ga abubuwa uku suka haɗu: taswira, bayanin da wani mutum ya kawo, da gwajin da ya tabbatar. A talabijin minti arba'in da 'yan kai ake da su, dole a matse. A zahiri taswirar tana gaya wa jami'i ta inda zai fara ne. Suna kuwa ba ta faɗa.

Mu kawo shi Falgore

Wanda ya bar hanyar Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora ya nufi Jos, zai bi ta Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore kafin ya shiga ƙasar Doguwa sosai. Dajin ya haura murabba'in kilomita 900, ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada, Doguwa da Sumaila, kuma yankin yana iyaka da jihohin Kaduna da Bauchi. Shekarun baya ya yi ƙaurin suna wajen satar shanu, tare hanya da garkuwa da mutane, har a 2017 sojoji suka haɗa da shi a atisayen Harbin Kunama na biyu, aka kuma kafa sansanin horar da sojoji a cikinsa.

A ce an kawo Charlie nan da allonsa. Matsala huɗu za su tare shi.

Ta farko ita ce irin ɓarawon. A 1993 David Canter da Paul Larkin sun raba masu laifi gida biyu. Akwai wanda ke fita daga gidansa ya yi ta'asa a kewaye ya koma, akwai kuma wanda ke yin takakkiya daga nesa ya yi ya tafi. Dabarar Rossmo ta na farko ce. Ɓarawon awaki ko na babur da ke zaune a gari ya faɗa cikinta. Gungun da ya tsallako daga wata jiha ya kore garke ya fita ta wata jihar kuwa, tsakiyar taswirarsa na iya faɗawa kan ƙauyen da bai ji ba bai gani ba.

Ta biyu ita ce iska. Mai shiƙa idan tana aiki cikin iskar hunturu, ƙaiƙayi gefe ɗaya yake tafiya, wanda ya nemi tsakiyar ƙaiƙayin zai kuskure inda ta tsaya. A nan iskar ita ce titi, da burtali, da mashaya. Tare hanya a kan titi kaɗai ake yin sa, saboda haka duk wuraren za su jeru a layi ɗaya. Shanu kuma ba ko'ina suke ba, suna inda ruwa da ciyawa suke, kamar bakin dam ɗin Tiga a Bebeji ko gefen dajin Dansoshiya a Kiru. Taswirar satar shanu na iya zama taswirar inda shanu suke kawai.

Ta uku, dole a tabbatar hannu ɗaya ne. Idan gungu uku ne ke aiki aka haɗa laifukansu a taswira ɗaya, tsakiyar da za a samu ba ta kowa ba ce a cikinsu.

Ta huɗu ita ce babba: bayanai. Charlie yana karɓar fayil da rana da lokaci da lambar gida. A karkararmu mutum nawa ne ake yi wa sata ya kai rahoto? Wani yana ganin kuɗin zirga-zirga zuwa ofishin 'yan sanda ya fi kuɗin akuyar. Wani yana tsoron ramuwa. Wani wajen mai unguwa ko 'yan banga yake kai kuka, maganar ta ƙare a baki. Ga shi kuma ƙauyen da ke bakin titi ya fi kai rahoto a kan rugar da ke cikin lungu, sai taswira ta karkata zuwa titi ba don can ɓarawon yake ba.

Lissafin da zai yi aiki yau

Duk da haka akwai lissafin da ya dace da satar shanu, kuma ba ya buƙatar kwamfuta. Saniya ba ta tashi sama. A ce, don misali, garken da ake kora yana cin kilomita 4 a awa ɗaya. Bayan awa ɗaya da sata, shanun suna cikin da'irar da nisanta daga tsakiya zuwa baki kilomita 4 ne. Faɗin da'ira shi ne 3.14 sau wannan nisa sau kansa: 3.14 sau 4 sau 4, wato kimanin murabba'in kilomita 50.

Bayan awa biyu nisan ya zama 8, faɗin ya zama kusan 200. Bayan awa huɗu nisan 16, faɗin ya haura 800. Ku duba da kyau: lokaci ya ninka sau huɗu, amma filin da za a bincika ya ninka sau goma sha shida. Garken da aka kora ƙarfe biyu na dare, aka bari sai bayan sallar asuba aka fara kiran mutane, yana iya kasancewa ko'ina a filin da ya kusa girman dajin Falgore gaba ɗaya. Idan kuma aka kai shi inda mota ke jira, da'irar ta tashi daga aiki.

Wannan ne dalilin da ya sa kiran waya ɗaya a awa ta farko ya fi motar jami'ai goma da hantsi. Kuma masu bin sawu na gargajiya, mafarauta da makiyaya, abin da suke yi a lissafe shi ne yanke da'irar: idan sawu ya nuna kudu maso gabas, an zubar da kashi uku cikin huɗu na filin ko fiye. Idan aka ƙara da sanin inda rafi ke ƙetaruwa da inda dutse ya tare hanya, sai filin ya koma 'yan mashigai da za a iya tarewa. Ilimin ɗan gari da lissafi a nan abu ɗaya suke yi.

Inda hatsarin yake

Yanzu ga abin da ya fi damun masana, wanda masu sha'awar shirin ba su cika kula da shi ba. A ce taswirar ta yi daidai ɗari bisa ɗari, ta nuna wani yanki mai maza baligai 2,000, kuma ɓarayi biyar suna cikinsu. Idan ka tare mutum ɗaya daga yankin, yiwuwar cewa ɓarawo ne ita ce 5 cikin 2,000, wato 1 cikin 400. Sauran 399 ba ruwansu.

A ƙara wata shaida. An ga ɗaya daga cikin ɓarayin a kan jan babur, kuma a ce mutum ɗaya cikin ashirin ne ke da jan babur a yankin. Wani zai ce, to ai wannan da muka kama yana da jan babur, kuma ɗaya cikin ashirin ne kawai ke da shi, saboda haka kusan tabbas shi ne. Kuskure ne babba. Ɗaya cikin ashirin na 2,000 mutum 100 ne. Wanda aka kama ɗaya ne daga cikin ɗari, ke nan yiwuwar shi ne wanda aka gani 1 cikin 100 ce, sai in an samu wata hujjar.

Irin wannan ruɗani ya taɓa ɗaure uwa a Ingila. A 1999 aka yanke wa wata lauya, Sally Clark, hukuncin kashe jariranta biyu, bayan wani babban likita ya gaya wa kotu cewa yiwuwar jarirai biyu su mutu haka kawai a gida irin nata 1 ce cikin miliyan 73. Ya samu lambar ne ta hanyar ninka 1 cikin 8,543 sau kanta, kamar mutuwar ta farko ba ta da alaƙa da ta biyu, alhali 'yan'uwa suna tarayya a gado da muhalli. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito fili ta yi watsi da lissafin a 2001. An sake ta a 2003, ta rasu a 2007.

Akwai kuma zagayen da taswira ke jefa jami'ai a ciki. An shafa wa wuri ja, sai a tura sintiri can, sintiri ya kama mutane can, kamen ya shiga rajista, taswirar gobe ta ƙara yin ja a wurin. A 2016 Kristian Lum da William Isaac sun nuna yadda hakan ke faruwa da bayanan birnin Oakland. 'Yan sandan Los Angeles, garin su Charlie, sun daina amfani da manhajar hasashen laifi ta PredPol a 2020.

A wajenmu abin zai fi muni, domin jan tabo a taswira zai iya sauka a kan ruga ko ƙauye guda, a lokacin da zuciya ta riga ta ɗauki zafi. Mun san yadda ake yi wa makiyaya kuɗin goro, alhali su ne farkon waɗanda ake kore wa shanu. Zargin da ya fito daga bakin mutum ana iya musa shi. Wanda aka ce kwamfuta ce ta faɗa, mutane sun fi jin nauyin ja da shi. Shi ya sa irin wannan taswira aikin jami'in bincike ce, ba abin yaɗawa a WhatsApp ba.

To wa ya yi gaskiya?

Kowane ɓangare ya riƙe rabi. Masu yabon Numb3rs sun yi daidai cewa lissafin na gaske ne. Shirin yana da masu ba da shawara irin su Gary Lorden na Caltech, wanda shi da Keith Devlin suka rubuta littafi a 2007 suna bayanin dabarun da aka nuna. Masu suka kuma sun yi daidai cewa saurin da tabbacin ƙari ne na fim. Abin da kyamara ba ta nunawa shi ne shekarun da wasu suka yi suna rubuta rahoto ɗaya bayan ɗaya kafin farfesa ya samu abin lissafawa.

Wannan ɓangaren shi ne wanda ke hannunmu. Littafi ɗaya a wajen dagaci ko shugaban 'yan sintiri, mai layi shida: rana, lokaci, wuri daidai, abin da aka ɗauka, yadda aka yi, da inda sawu ya nufa. Wayar hannu ta zamani tana ba da lambobin wuri a taswira, kuma ɗan sakandare ɗaya a gari ya isa ya koya wa kowa. A rubuta ƙaramar sata kamar yadda ake rubuta babba. Kada a rubuta sunan wanda ake zato, a bar wannan ga masu bincike. A riƙa miƙa kwafi ga ofishin 'yan sanda, kuma Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa su riƙa haɗa nasu, tunda ɓarawo bai san iyakar ƙaramar hukuma ba.

Amfanin irin wannan rajista ya wuce sata. A 1854 likita John Snow ya zana gidajen da kwalara ta yi kisa a wata unguwa ta Landan, zanen ya nuna famfon ruwa ɗaya a titin Broad. A 2011 Steven Le Comber da abokansa sun ɗauki dabarar Rossmo suka ɗora ta a kan gidajen masu zazzaɓin cizon sauro a Alƙahira, ta taimaka wajen nuna kududdufan da sauron ke haihuwa. Ma'aikacin lafiya a Riruwai ko Tiga da ke rubuta unguwar kowane mai amai da gudawa, aikin Charlie yake yi, kuma rijiyar da taswirarsa ta nuna ana iya ɗibar ruwanta a gwada kafin a rufe ta. Haka ya kamata a yi wa mutum ma: taswira ta nuna inda za a duba, hujja ta yanke hukunci.